Kik ɗin Mota: Aikinsa da Yadda Ake Canza Shi

1.0 Gabatarwa

Injin mota, duk ƙarfinsa, ba ya iya tayar da kansa. Kafin fetur ko gas ya kama wuta a cikinsa, sai an sami wani abu daga waje ya juya shi, fistin ya hau ya sauka, ya zuƙi iska da mai ya matse su. Na'urar da ke yin wannan juyi na farko ita ce direbobi da makanikai suke kira kik. Duk ranar da kik ya ƙi aiki, to mota ta zama tarin ƙarfe, ko da kuwa tankinta cike yake da mai.

A wannan darasi za a yi bayanin kik da sassansa, da hanyoyin tabbatar da cewa shi ne ya lalace, sannan a zo kan matakan cire shi da ɗaura wani. Abin da ake son mai karatu ya riƙe shi ne, canza kik aiki ne da ya fi buƙatar bin tsari a kan ƙarfin damtse. Wanda ya tsallake mataki ɗaya yana iya asarar kuɗinsa, ko ya ƙona wayoyin mota, ko ma ya rasa ransa a ƙarƙashinta.

2.0 Ma'anar Kik da Asalinsa

Kik ƙaramin injin lantarki ne da ke karɓar wuta daga batir ya juya babban injin mota na 'yan daƙiƙoƙi har ya tashi. Kalmar ta aro ce daga Ingilishi, kuma asalin ma'anarta shuri, irin wanda ake yi wa babur idan za a tayar da shi. Wasu kan cika sunan su ce kik-sitata.

Motocin farko ba su da wannan na'ura. Direba kan zura wani lanƙwasasshen ƙarfe ta gaban mota ya yi ta murzawa da hannu har inji ya kama. Aikin yana da wahala da haɗari, domin wani lokaci inji kan yi tutsu ya juyo da baya, ƙarfen ya karya wa mutum hannu. A shekarar 1912 ne kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da motoci masu kik na lantarki, wanda injiniya Charles Kettering ya jagoranci ƙera shi. Zuwa 1919 kamfanin Ford ma ya fara sanya shi a motarsa samfurin Model T. Daga nan murza inji da hannu ya yi ta ja da baya har ya zama tarihi.

A yau akwai motoci masu aiki da lantarki zalla, da wasu masu haɗa fetur da lantarki kamar Toyota Prius, waɗanda ba su da kik irin wannan. Amma mafi yawan motocin da ke kan hanya, masu makulli da masu maɓallin dannawa, har yanzu da shi suke tashi.

3.0 Sassan Kik da Yadda Yake Aiki

Ana ɗaure kik a mahaɗar inji da giyabos, kusa da wani babban faifan ƙarfe mai haƙora a kewayensa da ake kira filawil. Muhimman sassansa huɗu ne:

(a) Amecha: sandar ƙarfe ce da aka naɗe da wayar jan ƙarfe. Ita ce ke juyawa a tsakiyar maganaɗisu idan wuta ta shiga.

(b) Burushi: ƙananan dunƙulayen kabon ne da ke gogar amecha suna miƙa mata wuta. Da yake kullum cikin guga suke, sukan cinye a hankali.

(c) Bendis: ƙaramar giya ce mai haƙora wajen 9 zuwa 11, wadda ke fitowa ta sarƙe da haƙoran filawil. Ta sami sunanta daga Vincent Bendix, Ba'amurken da ya ƙirƙiro nau'inta na farko.

(d) Solonayid: makunni ne mai aiki da maganaɗisu, yana zaune a bisa gadon bayan kik.

Idan direba ya murza makulli, 'yar wuta kaɗan ce ke bin siririyar waya zuwa solonayid. Shi kuma sai ya yi aiki biyu: ya tura bendis gaba ta shiga haƙoran filawil, sannan ya haɗa babbar wayar da ta taso kai tsaye daga batir. Amecha ta juya, bendis ta juya filawil, inji ya tashi. Da direba ya saki makulli, bendis ta koma mazauninta.

Ƙananan motoci suna aiki da batir mai bolt 12, manyan motocin ɗaukar kaya kuwa galibi bolt 24. Kik na ƙaramar mota yakan ja wutar da ta haura amfiya 100 a lokacin tayarwa, wato fiye da duk wata na'ura da ke jikin motar. Wannan ne dalilin da ya sa wayarsa ta fi sauran kauri, kuma shi ne dalilin da ya sa ƙaramin rauni a batir ko a kan waya yake hana shi motsi.

4.0 Tabbatar da Cuta Kafin Magani

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga mota ta ƙi tashi a yanke hukunci nan take cewa kik ya mutu. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki, domin batir ko wayoyinsa ne ke da laifi. Ƙarar da mota ta yi sa'ad da aka murza makulli ita ce shaidar farko:

(a) Idan an ji ƙas-ƙas-ƙas a jere da sauri, fitilun gaban direba suna dusashewa, to galibi batir ne ya yi sanyi ko kawunansa suka yi datti.

(b) Idan an ji ƙas guda ɗaya sai shiru, alhali fitilu suna nan da haskensu, to zargi ya koma kan solonayid ko burushi.

(c) Idan kik ya yi ta gudu fiii amma inji bai motsa ba, bendis ce ta daina kamawa.

(d) Idan an ji gurzar ƙarfe da ƙarfe, haƙoran bendis ko na filawil sun cinye.

(e) Idan kuwa inji yana juyawa sosai amma ya ƙi kamawa, to kik ya sauke nauyinsa. Sai a nemi matsalar a wajen mai ko fulogi.

Bayan sauraro sai awo. Lafiyayyen batir da ya cika yakan nuna wajen bolt 12.6 a mita idan mota tana kashe, kuma bai kamata ya faɗo ƙasa da wajen bolt 10 ba a lokacin da kik ke juyawa. A duba kawunan batir, a kankare farin garin da kan taru a kansu, a ƙara ɗaure su. A duba fiyus da wayar da ta haɗa batir da jikin mota. Mota otomatik ba ta tashi sai giyarta tana kan P ko N, don haka nan ma a leƙa. Sai duk waɗannan sun fita daga zargi sannan a taɓa kik.

Wasu direbobi kan ƙwanƙwasa jikin kik da sifana ya tashi. Hakan alama ce ta cewa burushi ya cinye, kuma dabara ce ta fita daga daji kawai. Duka mai ƙarfi yana iya fasa maganaɗisun da ke cikin kik na zamani.

5.0 Zaɓen Kik da Tanadin Kayan Aiki

Ba kowace lalacewa ce ke buƙatar sabon kik ba. Riwaya, wato mai gyaran lantarkin mota, yana iya canza burushi ko bendis ko solonayid kaɗai, da kuɗin da bai kai na sabo ba. Amma idan amecha ta ƙone, sauyi ya fi. A kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Fanteka a Kaduna ana samun sabo, ana kuma samun wanda aka ciro daga tsofaffin motocin waje. Ko wanne za a saya, a tafi da tsohon a jera su: yawan haƙoran bendis, da wuraren shigar noti, da tsawon baki, da mazaunin wayoyi, duk su zo daidai. A kuma sa mai sayarwa ya jona shi da batir a gaban mai saye a ga bendis ta fito ta juya. Araha dai ba ta ado, kuma kik ɗin da bai dace ba yana cinye haƙoran filawil, wanda canza shi sai an sauke giyabos gaba ɗaya.

Kayan aikin da ake buƙata su ne sifana da soket masu girma daban-daban, da jak, da madogaran ƙarfe, da buroshin waya, da tocila, da tsumma.

6.0 Matakan Cire Tsohon Kik

1. A ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, a ja birkin hannu, a tokare tayoyi, a zare makulli. A bar inji ya huce, domin a motoci da dama kik yana maƙwabtaka da bututun salansa.

2. A cire zobe da agogon ƙarfe, sannan a kwance wayar batir mai alamar ɗebewa (−), a kawar da ita gefe. Wannan shi ne matakin da ba a yi masa ragi. Babbar wayar kik tana ɗauke da wuta a kowane lokaci, ko da makulli yana aljihu, kuma dukkan jikin mota haɗe yake da ɓangaren ɗebewa. Saboda haka idan sifana ta taɓa wayar kik da jikin mota a lokaci guda, wuta mai yawa za ta bi ta cikinta, ƙarfen ya yi ja, ya ƙona hannu ko ya tayar da gobara.

3. Idan sai ta ƙasa ake kaiwa ga kik, a ɗaga mota da jak a ɗora ta bisa madogaran ƙarfe, ko a hau da ita kan ramin gareji. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ba a kuma amince wa bulo, domin yana rugujewa ba tare da sanarwa ba.

4. A cire duk abin da ya tare hanya, kamar murfin ƙasa ko garkuwar zafi.

5. A ɗauki hoton wayoyin da wayar hannu ko a yi musu alama, sannan a cire siririyar, a kwance notin babbar.

6. A kwance noti biyu ko uku da ke riƙe da kik. Kafin a zare na ƙarshe a tallafe shi da hannu, domin yana da nauyi.

7. Da an fito da shi, a haska ramin da tocila a duba haƙoran filawil.

7.0 Matakan Ɗaura Sabo

Ɗaurawa komawa ce ta hanyar da aka biyo, daga ƙarshe zuwa farko, amma da wasu abubuwan lura.

1. A goge mazaunin kik ya yi fes. Ta jikinsa ne wuta ke komawa zuwa batir, don haka tsatsa ko daskararren mai a wurin yana rage masa ƙarfi.

2. A zaunar da shi daram, a fara ɗaura kowane noti da yatsu kafin a sa sifana. Notin da ya ƙi shiga da yatsu ya karkace ne, kuma tilasta shi yana cinye zaren ramin. Bayan duk sun shiga sai a ƙara musu ƙarfi bi da bi, gwargwadon yadda kamfanin motar ya ƙayyade.

3. A kankare bakin wayoyi, a mayar da kowace gurbinta. Notin babbar waya a ɗaure shi da lura, domin murfin solonayid na roba ne mai tauri, yana tsagewa idan an matsa masa.

4. A tabbatar babu wayar da ke taɓa salansa ko wani abu mai juyawa, a mayar da garkuwar zafi, a ƙirga kayan aiki, a sauke mota.

5. Daga ƙarshe a mayar da wayar batir mai alamar ɗebewa. Ita aka fara cirewa, ita ake mayarwa a ƙarshe.

6. A sa giya a firi a tayar da mota sau biyu ko uku ana saurare. Idan an ji gurza, ko kik ya ci gaba da gudu bayan an saki makulli, a kashe nan take a cire kan batir a sake dubawa.

8.0 Kammalawa

Kik na'ura ce da aka ƙera don aikin 'yan daƙiƙoƙi. Riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a jere yana dumama shi har ya ƙone, saboda haka idan inji ya ƙi kamawa a dakata ya huce kafin a sake gwadawa. Haka nan murza makulli alhali inji yana aiki yana cin haƙora, kuma man inji da ke ɗiga a kansa yana gajarta kwanansa.

An ga cewa canza kik ya ginu ne a kan abubuwa uku: a tabbatar da shi ne ya lalace, a raba mota da wutar batir kafin a sa hannu, a kuma bi matakai ɗaya bayan ɗaya. Mai motar da ya san waɗannan, ko da ba da hannunsa zai yi aikin ba, zai iya tambayar makaniki ko an auna batir kafin ya biya kuɗin sabon kik.

Auna Fahimta

1. Kawo sassan kik huɗu tare da aikin kowanne.

2. Me ya sa ake fara cire wayar batir mai alamar ɗebewa kafin a taɓa kik?

3. Bayyana alamomi uku da ke nuna cewa ba kik ne ya hana mota tashi ba.