Horar da Malamai Bisa Fanni da Matsayin Hausa a Aji: Misali Daga Gombe

1.0 Gabatarwa

Takardar shaidar malanta ta NCE, wadda ake samu bayan karatun shekara uku, ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya. Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, ita ke tsara manhajarta. Wannan maƙala za ta dubi yadda tsarin ke rarraba ɗalibai bisa fanni, da giɓin da ya bari ta fuskar harshe.

2.0 Tsarin Fannoni

Ɗalibin NCE yakan haɗa darussa biyu, kamar Lissafi da Fiziks, ko ya zurfafa a fanni guda, kamar aikin gona. A kan wannan ake ɗora darussan dabarun koyarwa da gwajin koyarwa a makarantu. Kwalejin Ilimi ta Tarayya (Fasaha) da ke Gombe, wadda aka kafa a 1977, misali ce ta irin wannan ƙwarewa, domin an gina ta ne don samar da malaman fasaha da sana'o'i. Dokar 2023 kuma ta ba kwalejojin tarayya damar bayar da digiri.

3.0 Giɓin Harshe

Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, jama'a ke ta kwararowa cikinta. A unguwa irin Barunde, aji guda kan tara 'ya'yan Fulani da Tangale da Tera da Waja da Hausawa, kuma Hausa ce ke haɗa su. Malamin kimiyya ya koyi fanninsa da Ingilishi, amma idan yara suka kasa ganewa, sai ya koma Hausa, ba tare da an taɓa koya masa keɓaɓɓun kalmomin fannin ba. Malamin Hausa kuwa ya naƙalci nahawu da adabi, amma bai san kimiyyar ba. Saboda haka kowane malami kan ƙirƙiro kalmarsa, yaro ya ji wata a bana, ya ji wata a baɗi.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi fara karatun firamare da harshen uwa ko na muhalli. A 2025 gwamnati ta sanar da komawa ga Ingilishi, sai dai sanarwa ba ta sauya harshen da yaro ke tunani da shi.

4.0 Kammalawa

Aikin da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, wato ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi, ya nuna cewa daidaita kalmomi abu ne mai yiwuwa. Ya kamata sassan harsunan Nijeriya su haɗa kai da malaman kimiyya da fasaha su yi wa kowane fanni irinsa, a sanya shi cikin horon malamin fannin, tare da dabarun amfani da Hausa ga yaron da ba ita ce harshen uwarsa ba.