Motsi da Hutu a Ciwon Damuwa da Sikizofireniya

Idan likita ya tambayi marar lafiya yadda ya kwana, amsar da zai samu ba ta wuce abin da mutumin ya iya tunawa ba. Shi ya sa masu bincike suke amfani da wata ƙaramar na'ura mai kama da agogo. Ana ɗaura ta a wuyan hannu, tana ƙirga motsin jiki minti bayan minti, dare da rana.

A shekarar 2010 wasu likitoci a birnin Bergen na ƙasar Nowe suka fitar da sakamakon irin wannan awo. Sun ɗaura wa mutane na'urar har mako 2. Wasu suna da ciwon damuwa mai tsanani, wasu lafiyarsu lau, wasu kuwa suna da sikizofireniya, wato taɓin hankalin da kan sa mutum ya ji muryoyin da babu su, tunaninsa kuma ya rikice. Duka marasa lafiyar motsinsu bai kai na masu lafiya ba. Wannan ba abin mamaki ba ne, musamman ga mai ciwon damuwa. An daɗe da sanin jikinsa kan yi nauyi, tafiya da magana su yi sanyi. Sau da yawa yakan farka tun kafin asuba ya kasa komawa barci, kuma safiya ce ta fi yi masa wuya.

Inda aka ga bambanci shi ne a tsarin yini. Masu sikizofireniya yau ɗinsu kamar jiya take: lokacin tashi ɗaya, lokacin kwanciya ɗaya, kuma ba su cika katse hutu da motsi ba. Abin ya fi fitowa fili ga masu shan maganin kulozafin. To, a nan sai an yi hattara, domin wannan magani yana sa barci, zaman asibiti kuma yana da nasa ƙa'idojin lokaci. Ba duk abin da na'urar ta nuna ne za a ɗora wa ciwon ba.

Wani bincike da aka buga a Ingila a 2012 ya duba masu sikizofireniya 20 da ba a kwance suke a asibiti ba. Rabinsu barcinsu ya kauce wa dare ƙwarai: wasu sai dare ya raba suke kwanciya su tashi da rana tsaka, wasu kuma lokacin barcin nasu kullum ƙara matsawa gaba yake yi.