Ina Za a Kai Gubar? Darasin Dalma ga Ƙananan Hukumomin Kwarin Bakalori

Kafin yara su fara mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, agwagi ne suka fara ɓacewa. Mutanen gari sun lura da haka, amma babu wanda ya kawo a ransa cewa abin da ya kashe agwagwa a bakin tafki zai iya shiga ɗaki ya ɗauke jariri. Sai a watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF, waɗanda suka fita neman masu cutar sanƙarau, suka tarar da sababbin kaburburan yara jere a wasu ƙauyuka. An ba marasa lafiya maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau, bai yi ba. Da aka aika jininsu ɗakin bincike a Turai, sai amsa ta dawo cewa gubar dalma ce. An ƙiyasta cewa yara kimanin 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu. A Dareta da 'Yargalma kaɗai, binciken hukumar CDC ta Amurka ya nuna cewa a cikin shekara guda an rasa ɗaya daga cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar.

Mai karatu na iya cewa, to mene ne haɗin wannan da Talatar Mafara da Bakura da Maradun? Haɗin kusa ne. Waɗannan ƙananan hukumomi uku da Anka da Bukkuyum da Gummi mazaɓar sanata ɗaya suke, wato Zamfara ta Yamma. Kasuwa ɗaya ake ci, ana auratayya, samarin nan suna zuwa can neman kuɗi su dawo. Ban da wannan, darasin da ke cikin masifar ya fi ƙarfin maganar zinariya. Darasi ne a kan wata tambaya da kowace ƙaramar hukuma take amsawa kullum, ko ta sani ko ba ta sani ba: a ina za a yi aiki mai haɗari, a ina kuma za a zuba abin da ya bari?

Yadda dutse ya zama guba

Dalma tana kwance cikin duwatsun Zamfara tun kafin a haifi kakanninmu, ba ta kuma kashe kowa ba. Wani nau'in dutsenta ma shi ne ake niƙawa a yi kwalli, abin da ya sa likitoci ke hana a sa wa jarirai irin wannan kwallin. Abin da ya sauya shi ne farashin zinariya, wanda a 2008 ya haura dala 1,000 kowane oza a kasuwar duniya. Manoma suka koma haƙa. Dutsen da suke samowa yana ɗauke da zinariya 'yar kaɗan da dalma mai yawa. Don gudun ɓarayi da kuma don mata su taimaka, sai aka riƙa kawo shi cikin gida: a farfasa da guduma, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙa irin na hatsi, a wanke a bakin rijiya, a shanya a tsakar gida. A wasu gidajen, da aka auna ƙasa, an sami dalma fiye da miligiram 100,000 a kowane kilogiram. Ma'ana, kashi ɗaya cikin goma na ƙasar da yaro ke rarrafe a kai dalma ce. Iyakar da Amurka ta sa wa filin wasan yara a lokacin miligiram 400 ce.

Me ya sa yara suka mutu, manya da suka yi haƙar suka tsira? A nan ilmin halittu yake da bayani. Jikin mutum ba ya bambanta dalma da kalsiyam, wato sinadarin da ke gina ƙashi da haƙori. Yaro mai girma jikinsa na ƙishin kalsiyam da sinadarin ƙarfe, saboda haka hanjinsa yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da hanjin babba zai tsotsa, balle ma idan yaron ba ya samun abinci mai gina jiki. Ga shi kuma kome ya ɗauka sai baki. Idan dalma ta shiga jini, tana hana ƙera jan sinadarin da ke ɗaukar iska, sai ƙarancin jini ya biyo baya. Tana ratsa shingen da ke kare ƙwaƙwalwa, wanda bai gama ƙwari ba a jikin ƙaramin yaro, ta sa ƙwaƙwalwar ta kumbura: amai, farfaɗiya, suma, mutuwa. Wanda ya tsira yakan tashi da raunin fahimta, wani da makanta ko shanyewar gaɓa. Sauran dalmar kuma takan ɓuya cikin ƙashi shekaru da yawa, ta yadda yarinyar da ta sha ta tana ƙarama za ta iya miƙa wa ɗan da ke cikinta ranar da ta yi ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa.

Akwai maganin da ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari. Amma likitoci sun ga ba shi da amfani a ba yaro magani a mayar da shi gidan da ya gurɓace. Dole aka fara da ƙasa. Sarakunan yankin suka ba da umarnin fitar da niƙa da wanki daga cikin gari. Ƙwararru daga TerraGraphics da Cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi da mutanen gari, suka kankare saman ƙasar gida bayan gida, aka ɗure a buhu, aka binne a ramukan da aka zaɓa a bayan gari, aka shimfiɗa sabuwar ƙasa. Ƙauyuka bakwai aka gyara a 2010 da 2011. Bagega, mafi girma, ta jira kuɗin Gwamnatin Tarayya har 2013. Idan aka duba da kyau, duk wannan aiki tsarin amfani da ƙasa ne: nan za a zauna, can za a niƙa, can gaba za a binne. An dai yi shi ne bayan an cika maƙabarta. Ba a kuma ɗauki darasin ba ko'ina, domin a 2015 irin wannan ta auku a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

Ikon wa ke nan?

Sau da yawa idan aka yi wa jami'in ƙaramar hukuma wannan magana, yakan ce ma'adinai na Gwamnatin Tarayya ne. Gaskiya ne: Tsarin Mulkin 1999 da Dokar Ma'adinai ta 2007 sun damƙa abin da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun Tarayya, ita ce ma ta hana haƙa a Zamfara a watan Afrilu na 2019 saboda matsalar tsaro, ta kuma ɗage hanin a watan Disamba na 2024. Amma yaran Dareta ba a ramin haƙa suka sha guba ba. A tsakar gida suka sha, kuma tsakar gida da fegin injin niƙa da juji duk suna cikin hurumin ƙaramar hukuma. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ta ikon ba da izinin mallakar fili irin na gargajiya a duk inda ba birni ba. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulki ya ɗora mata kwasar shara da kula da kasuwa da tasha da mahauta da maƙabarta. Doka mai lamba 88 ta 1992 a kan tsara birane da yankuna ta tanadi hukumar tsare-tsare a mataki uku, har da na ƙaramar hukuma. Zuba sharar guba kuwa babban laifi ne tun Doka mai lamba 42 ta 1988, wadda aka kafa bayan an gano dubban gangunan guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, a Jihar Delta ta yanzu. Tun 2007 hukumar NESREA ce ke sa ido a kan dokokin muhalli. A ganina doka ba ta yi mana ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne taswira, da mutumin da zai duba ta kafin ya sa hannu a takardar fili. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Duk ranar da kuɗin ya isa hannunsu yadda hukuncin ya ce, uzurin rashin kuɗi zai ragu.

Ƙasar da ruwa ya ɗinke

Yankin Bakalori yana da wani hali da ya sa kuskure a cikinsa ya fi tsada. An kammala madatsar a kan Kogin Sakkwato a 1978, tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, aka kuma tsara ta shayar da hekta 23,000 a ƙasashen Maradun da Talatar Mafara da Bakura. Tun daga farko ma rabon ƙasa ne ya jawo rikicin 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu. Yau magudanan ruwa sun ratsa gonakin shinkafa da albasa da tumatir sun haɗa ƙauye da ƙauye. A fadama, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa ƙwarai. Abin da aka zuba a Maradun ba ya tsayawa a Maradun. Ruwa ba ya sanin iyakar ƙaramar hukuma, yana gangarawa Bakura, ya wuce Jihar Sakkwato. Don haka babu ma'ana kowace hukuma ta yi nata tsari ita kaɗai, ba tare da sauran biyun da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ba.

Wace guba ake da ita a nan? Ta farko maganin feshi. Irin su fiya-fiya suna toshe wani sinadari da ke kashe saƙon jijiya bayan ya isa. Idan ya toshe, tsoka ba ta daina motsi, sai dalalar da miyau da ƙanƙancewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi. Yadda yake yi wa ƙwaro haka yake yi wa mutum da kifi. Na taɓa tsayawa a wata kasuwa na ga ana auna man gyaɗa cikin jarkar maganin ciyawa, tambarin ƙoƙon kai da ƙasusuwa yana jikinta ɓaro-ɓaro. Da na yi magana, mai man ya ce, "Malam, ai na wanke ta da omo." Ƙa'idar ita ce a ɗauraye jarka sau uku, a juye ruwan ɗaurayar cikin tankin feshi, a huda ta don kada ta sake amfanuwa, a tara wuri guda. Amma a tara a ina, idan hukuma ba ta ware wuri ba?

Ta biyu tsohon batirin mota da na sola, wanda ke ƙaruwa yadda hasken sola ke yaɗuwa. Cikinsa dalma ce da ruwan batir. A unguwar Caroy da ke gefen Dakar ta ƙasar Senegal, fasa batir a cikin gidaje ya kashe yara 18 tsakanin 2007 da 2008. Sai sharar asibiti, allura da sirinji da robar ƙarin ruwa, wadda ƙona ta a fili ke fitar da hayaƙi mai guba. Sai zaiba da masu zinariya ke kama gwal da ita: idan ta shiga ruwa, ƙwayoyin bakteriya suna mayar da ita wani nau'i da ke taruwa a jikin kifi, babban kifi ya ci ƙarami, mutum ya ci babba. A ƙarshe akwai wata ɗabi'a tamu mai kyau da zamani ya ɓata, wato kwasar juji a kai gona a matsayin taki. Jujin da toka ne da kashin dabbobi. Na yau akwai batirin tocila da fasasshen ƙwan lantarki a ciki.

Abin da taswira za ta nuna

Zaɓen wuri ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Tambayoyi ne da ɗalibin aji huɗu na sakandare zai iya amsawa. Ina ruwa ke bi idan an yi sama? Wurin zuba shara mai haɗari ya kasance a kan tudun da ambaliya ba ta kai wa, nesa da rijiya da magudana da tafki, kuma ruwan da ya taso daga gare shi kada ya nufi gari. Wace irin ƙasa ce? Yashi rariya ne, yumɓu kuwa yana riƙe ruwa, shi ya sa ake daɓe gindin ramin shara da yumɓu. A nan ne muke yawan yin kuskure, domin kududdufin da aka haƙi ƙasar gini shi muke mayarwa juji, alhali shi ne wurin da ya fi kusa da ruwan rijiyoyinmu. Ina iska ke kaɗawa? Da rani hunturu na busowa daga arewa maso gabas, da damina iska na zuwa daga kudu maso yamma. Injin niƙa dutse ko wurin ƙona shara da aka kafa a ɗaya daga waɗannan kusurwoyi zai riƙa turo wa gari ƙura rabin shekara. Ina gari zai faɗaɗa nan da shekara ashirin? Ramin da aka binne guba dole a kewaye shi, a kafa alama, a rubuta shi a littafin filaye na hukuma da na hakimi, don kada wata rana a yanka wa wani fegi a kai ya haƙa rijiya.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. Injin da ya niƙa dutse kada ya niƙa hatsi. Mai aikin dutse ko feshi ya yi wanka ya sauya tufa kafin ya shiga gida ya ɗauki ɗansa. Masu sayar da maganin feshi a kasuwar Talata su sami layinsu dabam da na masu hatsi da mai. Na san rashin tsaro ya sa akwai ƙauyukan da ma'aikacin duba-gari ba ya iya shiga, amma hedikwatocin nan uku da manyan kasuwanninsu suna hannun hukuma, daga nan ake iya farawa. Kuma abin da ya faru a Anka ya nuna cewa umarnin da ya bi ta fadar sarki da hakimi da mai unguwa da limami ya fi saurin isa tsakar gida.

Ga malaman kimiyya, ga aikin mako biyu. A yanke gindin gorar ruwa guda biyu, a kifa su, a toshe bakinsu da ƙyalle, a cika ɗaya da yashi ɗaya da yumɓu, a zuba ruwan shuni daidai wa daida, ɗalibai su auna mintin da ruwan ya ɗauka kafin ya ɗigo. Daga nan a raba su rukuni-rukuni su zana unguwarsu: rijiyoyi da fanfunan burtsatse da shuɗi, juji da injin niƙa da shagon maganin feshi da wurin masu batir da ja, kibiya kuma ta nuna inda ruwan sama ke gangarawa. Su ƙirga taku nawa ne tsakanin kowane ja da shuɗin da ya fi kusa da shi. Kada su taɓa kome da hannu. Idan an gama, shugaban makaranta ya kai kwafi ɗaya ga hakimi, ɗaya ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ɗaya kuma a manna a bangon aji, a sake zanawa baɗi a ga abin da ya matsa.