Yadda ake gano tsatsa a ƙarƙashin fenti tun ido bai gan ta ba

Bututun mai ko ƙarfen gada na iya sheƙi a ido alhali tsatsa ta fara cin sa a ƙarƙashin fenti. Kafin fentin ya kumbura, ɓarnar ta riga ta yi nisa.

Wani rahoto da ƙungiyar NACE International ta fitar a 2016 ya ƙiyasta cewa tsatsa da zaizayar ƙarafa na jawo wa duniya asarar dala tiriliyan 2.5 a shekara, wato kashi 3.4 cikin 100 na tattalin arzikin duniya.

Shi ya sa injiniyoyi ke amfani da wani gwaji mai suna EIS, wanda ke auna yadda fenti ke turje wa lantarki. Ana kafa ɗan kofi a kan ƙarfen, a zuba ruwan gishiri mai kaurin na teku, kimanin kashi 3.5 cikin 100, sannan na'ura ta tura lantarki mai kai-komo, ɗan kaɗan ƙwarai, kamar milibolt 10 zuwa 20. Ana sauya saurin kai-komon daga sau 100,000 a daƙiƙa har zuwa sau ɗaya a daƙiƙa 100.

Lafiyayyen fenti tamkar katanga yake. A fili mai murabba'in santimita ɗaya, turjiyarsa kan wuce ohm miliyan 100. Idan ruwa ya fara ratsa ƙananan ƙofofinsa, lantarki na samun hanya, turjiyar ta yi ƙasa. Da zarar ta gaza ohm miliyan 1, masana na ɗaukar cewa fentin ya daina kare ƙarfen.

Tsohuwar hanya ita ce a saka ƙarfe a akwatin feshin ruwan gishiri na ɗaruruwan sa'o'i, a jira tsatsa ta bayyana. Gwajin EIS kuwa lamba yake bayarwa, kuma ba ya ɓata fentin. Ƙa'idar ISO 16773 ce ta tsara yadda ake yin sa. Sai dai wurin da kofin ya rufe kaɗai yake aunawa, kuma fassara sakamakon sai ƙwararre.

Wannan ya shafi Najeriya kai tsaye. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, na ƙarfe ne, kuma ƙarƙon irinsa ya dogara sosai da ingancin abin da aka lulluɓe shi da shi. Sabunta fenti a kan lokaci ya fi sauya bututun da ya huje araha nesa ba kusa ba.