Dalilin da ya sa manhajar taswira ta QGIS ta fifita GeoPackage

A garuruwa irin su Gauraka da ke kusa da Suleja, inda ake yawan yanka filaye, irin fayil ɗin da mai safiyo ya adana taswira a ciki na iya shafar hujjar mallaka.

Tun shekarar 2018 manhajar QGIS, wadda ake samu kyauta, ta mayar da GeoPackage zaɓinta na farko a maimakon Shapefile na kamfanin Esri.

Shapefile na rarraba bayanai cikin aƙalla fayiloli uku. Idan na .dbf ya ɓace, sunayen masu filaye sun tafi, sai zanen iyakoki kawai.

GeoPackage kuwa fayil ɗaya ne tak, kuma yana riƙe haruffan ɓ, ɗ da ƙ ba tare da sun gurɓata ba.