Yadda Ake Yin Fil

A kasuwar Garwa, tela ba ya rabuwa da fil. Da shi yake riƙe yadi kafin ya ɗinka. Mata kuma da shi suke maƙale mayafi. Fil ɗan ƙaramin abu ne, amma aikinsa yana da yawa.

Da wayar ƙarfe ake yin fil. A masana'anta ana jan wayar ta cikin ƙananan ramuka. Kowane rami ya fi na bayansa ƙanƙanta, har wayar ta zama siririya. Sai inji ya miƙar da ita, ya yanka ta guntu-guntu. Ya bugi gefe ɗaya ya yi kai, ya wasa ɗaya gefen ya yi tsini. Daga nan sai a wanke, a shafa masa ruwan kuza don kada ya yi tsatsa.

A da, da hannu ake yin wannan aiki. A shekarar 1776, wani malami mai suna Adam Smith ya ba da labarin wasu ma'aikata 10 da suke yin fil 48,000 a rana. Yaya aka yi haka? Sun raba aikin ne. Wannan yana jan waya, wancan yana yanka, wani yana wasa tsini. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

A shekarar 1849, Walter Hunt na Amurka ya lanƙwasa waya, ya yi mata ɗan gidan da ke rufe tsinin. Shi ne fil mai kulle, wanda ba ya sukar mutum.

A arewacin Kamaru ma an daɗe da sanin aikin ƙarfe. A da, maƙeran Mafa na duwatsun Mandara sukan tara baƙin yashi daga rafi, su narka shi da gawayi da zuga-zugi, su sami ƙarfe. Maƙeri yakan gasa ƙarfe ya yi ja, ya ɗora a kan uwar maƙera, ya buga da masaba. Idan ƙusa yake yi, sai ya fitar da kai da tsini, kamar dai fil.

Yara, kada ku sa fil a baki. Wanda fil ko ƙusa ya soke shi, ya wanke wurin da sabulu, a kai shi asibiti.

Tambayoyi
1. Da me ake yin fil?
2. Me ya sa ake shafa masa ruwan kuza?
3. A da, ina maƙeran Mafa suke samun ƙarfe?