'Yan daudu

'Yan daudu (tilo: ɗan daudu) maza ne a ƙasar Hausa waɗanda suke kwaikwayon mata a magana, da tafiya, da sana'a. Ana kiran ɗabi'ar daudu. Irin wannan rukuni ya daɗe a al'ummomi da yawa na duniya, kuma galibi yana da alaƙa da bauta ko kiɗa.

Asalin suna da alaƙa da bori

Daudu kirari ne na mai riƙe da sarautar Galadima. Masana suna danganta sunan da Ɗan Galadima, iskan bori da ake siffantawa da ɗan sarki kyakkyawa, mai son ado da caca da kyauta. Bori ya samo tushe daga addinin Hausawa na kafin Musulunci, kuma a cikinsa iska namiji yakan hau mace, iska mace ta hau namiji. Fremont Besmer, a littafinsa na 1983 kan bori, ya bayyana yadda 'yan daudu suke halartar wasannin bori suna rawa. Bayan jihadin Shehu Usman Ɗanfodiyo na 1804 bori ya rasa gindin zama a fada, ya koma hannun talakawa.

Rayuwa da sana'a

An fi sanin 'yan daudu da sayar da abinci a kasuwanni da tashoshin mota, da girkin biki, da dillanci a gidajen mata masu zaman kansu. Sun shahara da habaici da karin magana. A tsakaninsu sukan kira juna "ƙawa" ko "ke", babban cikinsu kuma ya zama "uwa" ga ƙanana. Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990 ya kuma wallafa littafi a 2009, ya nuna cewa yawancinsu suna ɗaukar kansu maza ne Musulmi, da yawa kuma suna aure suna haihuwa. Saboda haka masana suke taka tsantsan wajen kiran su masu sauya jinsi a ma'anar Turawan yau.

Makamantansu a zamanin da

A Sumer, cikin Iraƙi ta yau, akwai masu bauta da ake kira gala, maza masu rera waƙoƙin makoki da emesal, karin harshen da ake rubuta maganar alloli mata da shi. A Rum akwai galli, masu hidimar gunkin Sibili da aka kai birnin a shekara ta 204 kafin haihuwar Annabi Isa. Sukan dandaƙe kansu su sa tufafin mata. A Indiya har yanzu akwai hijira, masu waƙa da rawa a bukukuwan aure da na haihuwa.

A Madina ta farkon Musulunci akwai mukhannasai, kuma daga cikinsu ne mawaƙi Tuwais ya fito a ƙarni na 7. Hadisai sun tsawatar a kan namiji ya kamanta kansa da mace, amma malamai irin su Imam Nawawi sun bambanta wanda aka halitta a haka da wanda ya ƙirƙiri halin da gangan.

Matsayinsu a yau

A da jama'a sun saba ganin 'yan daudu a fili, duk da ana yi musu ba'a da wa'azi. Lamarin ya sauya daga shekarar 2000, lokacin da jihohi irin su Zamfara, Kano, Katsina da Jigawa suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci, aka rufe gidajen karuwai da dama, aka matsa wa bori. A 2007 an kama maza 18 a Bauchi bisa zargin sa kayan mata, sannan a 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi. Tun daga nan da yawansu sun rage bayyana kansu, ko da yake ana ci gaba da samun su a sana'ar abinci.